Inda Tela Take Tsayawa

Rediyo ake ce masa, kuma ba don yana gyaran rediyo ba. Sunan ya same shi tun yana firamare, ranar da wani malami ya gaji da shi ya ce, "Kai, wai ina makunninka yake in kashe?" Malamin ya daɗe da rasuwa, makarantar ma an rushe ta an gina shaguna, amma sunan yana nan daram. Ya yi gemu, gemun ya yi furfura, mutanen layi suka ƙara masa girma suka koma ce masa Baba Rediyo. Shi kuwa sai ya amsa, ya kuma tsare mai gaisuwar da labari har abin da ya fito saya ya shige masa duhu.

Sana'arsa buga takardu. Ya fara da tafireta a bakin ƙofar kotu, a kan wani teburi mai gajeriyar ƙafa ɗaya da yake tokarewa da murfin kwalba. Yana buga wa mutane takardar ƙorafi, da ta neman aiki, da ta shaidar ɓatan kaya. Yatsunsa na tafiya, bakinsa na tafiya, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Zai buga maka takardar rantsuwa babu kuskure ko na ɗigo, alhali yana ba ka tarihin yadda haƙorinsa na gefe ya fita. Da zamani ya juya aka daina yayin tafireta, sai ya kama wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, ya sa tsohuwar kwamfuta da injin fotokwafi mai cin takarda kamar akuya. Wanda ya zo da shafi ɗaya zai tafi da shafinsa da labarin da bai tambaya ba. Wasu sun daina zuwa saboda haka, wasu kuma saboda haka suke zuwa.

Matarsa tela ce, kuma Tela yake kiranta tun kafin aure, tun ranar da ya kai mata ɗinkin ƙanwarsa ya zauna yana zuba har ta gama rigar ta ninke. Mace ce da za ka yini da ita ba ka ji ta yi dogon zance ba. Da aka ɗaura musu aure yayarta, wadda kowa ke kira Yaya, ta ce Allah ya haɗa famfo da bokiti, sai dai a yi addu'a kada bokitin ya cika. Bai cika ba. Sun haifi biyu ba su zo da kwana ba, sannan aka sami ta ukun, mace, bayanta kuma Allah bai ƙara ba, don haka ita ce Auta.

Ɗaki biyu suke haya a bayan wani dogon gida. Keken ɗinkin yana jikin taga, almakashi rataye a ƙusa, buhun ƙyallaye a ƙarƙashi, allin awo a cikin wani tsohon gwangwanin madara. Kusa da keken akwai kujerar roba mai karyayyen hannu da aka ɗaure da waya, wannan ta Rediyo ce, ko baƙo ya san ba a zama a kanta. Da la'asar sakaliya zai dawo daga shago, ya cire takalmi, ya zube a kai.

Tela tana da waƙa guda ɗaya. Ba ta da baiti, ba ta da suna, baki rufe take yin ta, a hanci, tana taka feda. Karin yakan hau a hankali, ya ɗan yi lilo a sama, ya gangaro, sai ya tsaya cak, keken ma ya tsaya. Ta ja zare ta gatsa da haƙori, ko ta juya yadin. Da ta tsaya sai Rediyo ya faɗa ciki kamar an buɗe masa ƙofa: wai yau wani lauya ya kawo takarda da rubutu kamar kaza ta yi tonon ƙasa, wai injin fotokwafi ya sake haɗiye takardar shaidar wata baiwar Allah, wai mai gidan haya ya sayi mota kuma bai iya baya da ita ba. Tela ta ce, "To fa." Ta taka feda, waƙar ta ɗora daga inda ta tsaya. Haka suka tsufa, babu wanda ya taɓa tunanin ɗaukar waƙar a waya, don ba wanda ke ɗaukar hoton ƙofar ɗakinsa.

Wata rana da hantsi maƙwabciya ta ji keken ya yi shiru, sannan ta ji faɗuwar abu mai nauyi. Hawan jini ne, ba wanda ya san Tela tana da shi, har ita kanta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kwanta asibiti, Yaya ta zo daga garinsu ta yi jinya har aka sallamo su, sannan ta koma wajen nata mijin da shi ma ba lafiya ce ta ishe shi ba. Aka ja gadon Tela kusa da taga, gefen keken da aka lulluɓe da zani.

Likitar da ke zuwa motsa mata gaɓoɓi ta faɗa musu gaskiya, ba ta yi musu alkawarin komai ba. Amma ta ce, "Tana ji, kada ku ɗauka ba ta ji. Ku riƙa jiyar da ita abin da kunnenta ya saba da shi. Wani lokaci ta nan magana take dawowa."

Abin da Rediyo yake so ke nan a duniya, ba ya son komai bayan shi. Bai roƙi ta tashi ta yi tafiya ba, bai roƙi ta koma kan keke ba. So yake ya sake jin muryarta kawai, ko da "To fa" ɗin nan ce.

Da farko ya yi abin da ya iya. Ya ja kujerarsa bakin gado yana ba ta labarin shago, ita kuma tana kallonsa, hawaye na gangarowa daga idonta na hagu zuwa cikin kunne. Auta ta shigo da kofi a hannu ta gani. Auta malamar kwamfuta ce a wata makarantar sakandare, mace mai tsari, ta ɗauko shirun uwarta amma ba ta ɗauko sanyinta ba. Tun tana ƙarama take ganin uban ya cika ɗakin da murya, uwar kuma tana gefe da zare a baki, kuma ta daɗe da yanke hukunci a ranta kan wanda ake danne wa.

"Baba, don Allah ka bar ta ta huta mana. Ba ka ga kuka take yi ba?"

Ya dubi hawayen, ya dubi 'yarsa, ya haɗiye sauran labarin. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya ga kamar gaskiya ta faɗa. Sai ya koma kan maganar likita yana juya ta: abin da kunnenta ya saba da shi. Ai kuwa waƙar nan ce, me ya fi ta?

Waƙar tana kansa tsaf, daga farko har ƙarshe, ko a barci aka tashe shi zai ji ta. Matsalar maƙogwaronsa ne. Mutumin da ya yi shekaru yana magana ba numfashi, in ya ce zai rera abu sai ka ji kamar ana jan ƙofar kwano mai tsatsa. Ya gwada a bakin gadon sau ɗaya, Tela ta yamutsa ɓarin fuskar da ke motsi, shi kansa ya ji kunya. Ya ce Auta ta gwada. Ita makarantar kwana aka kai ta da wuri, farkon kawai ta riƙe, kuma da ta fara sai kuka ya shaƙe ta.

Ana haka wata rana Auta ta biyo ta shago da takardar darasi ta ce ya yi mata fotokwafi na 'yan ajinta. Rediyo kuwa ba a ba shi takarda bai karanta ba, hali zanen dutse. Ya ga layuka gajeru, kalma da lamba, kalma da lamba.

"Auta, wannan kuma wane irin lissafi ne?"

"Ba lissafi ba ne, Baba. Kiɗa ne. Yara nake koya wa su rubuta wa kwamfuta umarni ta fitar da sauti. Kowane amo da lambarsa."

Ya riƙe takardar bai sa ta a inji ba. "Kowane amo? Har wanda mutum ke ji a kansa?"

Ta gane inda ya dosa. Ta ce ya matsa mata. Ta sa masa manhajar a tsohuwar kwamfutarsa, ta nuna masa kalmar Turanci guda da ke nufin buga. "Ka rubuta ta, ka ba da tazara, ka sa sittin. Yanzu danna nan." Ya danna. Wani siririn sauti ya fito daga lasifika ya mutu. Ta ce ya mai da lambar sittin da biyu. Sautin ya ɗan ɗaga. Sittin da huɗu, ya ƙara ɗagawa.

"Wato in lamba ta hau murya ta hau."

"Shi ke nan, Baba, ka gama aji ɗaya."

"Ai gemu ba ya hana ilimi," in ji shi, kuma rabonsa da dariya tun ranar da Tela ta faɗi.

Bai jira ta ƙara bayani ba. Yatsun da suka ci tafireta suka zuba layuka reras, lamba bayan lamba, yadda yake jin farkon waƙar. Ya danna. Sai duk sautukan suka fito a tare, gwaram, kamar an zubar da tiren kofuna. Mai gyaran waya na shagon gefe ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Auta ta ce, "Ai ba ka ce mata ta jira ba. Kwamfuta ba ta da hankalin jira, duk abin da ka ba ta a lokaci guda za ta faɗe shi. Bayan kowane amo sai ka rubuta mata wannan kalmar, ma'anarta yi barci, ka sa lambar tsawon barcin. Rabi, ko ɗaya, ko biyu."

"Wato shirun ma sai an rubuta shi."

"Sai an rubuta shi, da lambarsa."

Daga ranar shagon ƙarƙashin bene ya canza. Rediyo ya sayi abin sawa a kunne, ya duƙufa. Buga, barci, buga, barci. A aikin takarda ido ne alƙali, kuma idonsa bai taɓa ba shi kunya ba. A nan kuwa kunne ne, kuma kunne ba ya nuna maka inda kuskuren yake, sai dai ya ce maka ba haka ba ne. Ya sa sittin da biyar ya ji ta yi ƙasa, ya sa sittin da bakwai ya ji ta zarce, ya dawo tsakiya ya rufe ido ya kira muryar Tela a kansa ya gwada su gefe da gefe. Wani amon yakan ci masa yini. Ya manta harafi ɗaya ko ya haɗe kalma da lamba, kwamfuta ta watso masa jan rubutu ta ƙi motsi, ya zage ta ƙasa-ƙasa ya gyara. Masu kawo aiki suka fara tambayar mai gyaran waya ko Baba Rediyo ba shi da lafiya ne, don mutum ya zo ya tafi da shafinsa kawai, ba labari.

Sannu a hankali hawan ya fito, lilon ya fito, gangarowar ta fito. Ranar da ya ji gaɓar farko ta tafi daidai, sai da ya cire abin kunnen ya fita bayan shago ya tsaya yana kallon bango har idonsa ya bushe. Ita ce. Ba muryarta ba ce, muryar ƙarfe ce, amma tafiyarta ce.

Sai ya iso wurin da Tela take tsayawa, a nan kuma aikin ya cije. Ya sa barci ɗaya, ya ji waƙar ta ɗora da gaggawa kamar ana korar ta. Ya sa biyu, bai yi ba. Ya sa huɗu, ya ji kamar wuta ce ta ɗauke. Ya gwada da rabi, ya gwada da kwata. Kowane amo na waƙar yana da mazauninsa a kansa, amma da ya nemi tsawon shirun sai ya tarar babu komai a wurin, kamar shafin da aka yage daga littafi.

Ya tari Auta a tsakar gida tana shanya zannuwan gadon uwarta. Ta gaji, daga makaranta take, ga wanki, ga uwar da ta fara ƙin abinci.

"Auta, in ta tsaya ɗin nan, kamar tsawon me take ɗauka kafin ta ci gaba?"

"Ni ina zan sani, Baba?"

"Ki dai tuna. Na rasa lambar."

Ta matse zanin da ƙarfi. Maganar da ta daɗe a cikinta ta fito ba ta shirya ba. "Ya za a yi ka san ta? Ka taɓa bari ta gama shirunta ne? Tunda nake ban taɓa ganin Umma ta ja numfashi ba ka cusa magana a ciki ba. Shirun da ba ka taɓa ji ba kake nema."

Ta ga yadda fuskarsa ta yi, ta so ta janye, amma magana zarar bunu ce. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Haka ne," ya juya ya shiga ɗaki.

Mutum mai surutu in ya yarda cewa surutunsa cuta ne, ba ƙaramin abin tausayi ba ne. Rediyo ya ɗauka cewa shekarun nan duka tattake matarsa ya yi, ta yi haƙuri da shi kamar yadda ake haƙuri da yoyon ɗaki. Ya ƙudura a ransa zai biya ta. Zai koyi shiru, ya mayar mata da waƙarta cikakkiya, da shirunta a ciki, babu muryarsa ko kaɗan. Ya riƙa zama a bakin gadon baki gum, yana riƙe da hannunta mai rai. Ya ba ta ruwa a cokali shiru, ya gyara mata matashi shiru. Tana bin sa da ido, in ya tashi ta raka shi har ƙofa, in ya dawo ta tare shi, tana kallon bakinsa. Shi kuwa ya ɗauka tana mamakin ya gyaru ne. Da zaman shirun ya yi masa nauyi, don labarai na taruwa a ƙirjinsa har su hana shi numfashi, sai ya ƙara daɗewa a shago, yana ce wa kansa ai aikinta yake yi. Tela ta rame. Likita ta ce jikin yana ja da baya, ba ta san dalili ba.

A ƙarshe ya gaji da neman lambar gaskiya, ya zaɓi wadda ta fi rashin muni ya sa a duk wuraren tsayawa. Auta ta kwafe aikin a ƙaramar kwamfutarta ta zo da ita gida wata Asabar da yamma. Suka ɗora ta a kan teburin keken, a kan zanin da aka lulluɓe shi da shi. Rediyo ya sa riga mai kyau, abin dariya, kamar mai zuwa zance. Ya zauna a kujerarsa ta roba. Auta ta tsaya a bayansa ta danna.

Karin ya fara hawa. Idon Tela da ke lumshe ya buɗe. Ya yi lilo a sama, sai suka ga abin da ba su gani ba tun faɗuwarta: ƙafarta ta hagu tana motsi a ƙarƙashin bargo, gaba da baya, gaba da baya, tana taka fedar da babu. Auta ta toshe bakinta da hannu.

Waƙar ta gangaro ta tsaya. Ƙafar ta tsaya. Tela ta juyo da ido, da ƙyar, har ta same shi a kujerarsa, ta tsaya a kansa.

Magana ta cika masa baki har tana taɓa haƙora. Mai gidan haya ya daki bangon maƙwabci da motar nan, injin fotokwafi ya mutu gaba ɗaya, lauyan nan mai rubutun kaza ya zama alƙali, duk bai gaya mata ba. Ya ji hannun Auta a kafaɗarsa. Ya datse leɓɓansa, ya yi wa Tela murmushi, irin na mai cewa kin gani, na bar miki abinki. Kwamfuta ta gama barcinta ta ɗora.

A tsayawa ta biyu ta sake dubansa. Wannan karon leɓenta ya motsa, gefen da ke motsi, kamar mai shirin karɓar abu. Ya ƙara datse baki, har da sunkuyar da kai don kada ya karya alkawari. A ta uku ba ta juyo ba. Ta mai da ido kan silin, ta rufe shi. Waƙar ta ƙarasa ita kaɗai, ƙafar ba ta ƙara motsi ba.

"Ta gane ta, Baba," in ji Auta tana share fuska. "Wallahi ta gane ta."

"Ta gane, amma lambar ce ba daidai ba. A wurin tsayawar na rasa ta. Gobe zan gyara."

Ya koma shago ya ci gaba da sauya lamba. Bai sami damar sake gwadawa ba. Cikin makon zazzaɓi ya rufe ta, ƙirjinta ya cika, aka mayar da ita asibiti, kuma ba ta ƙara buɗe ido ta san wanda ke kanta ba. Ta rasu da safe, yana riƙe da hannunta, shiru.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, Yaya ta zauna raba kayan ɗinkin, wanda za a mayar wa masu shi da wanda za a bayar. Ta tsufa ita ma, amma bakinta bai tsufa ba. Ta dubi Rediyo a kujerarsa ta ce, "Kai kuma wa ya cire maka batir? Tunda na zo ban ji ka ba." Ya jawo kwamfutar Auta da ke kan teburi ya ce akwai abin da yake so ta ji. Ya danna.

Yaya ta ajiye almakashin da ke hannunta. Ta saurara har tsayawar farko, ta biyu, sannan ta ce, "Allah sarki, 'yar'uwata. Wannan ai tun muna yara take yin ta, in tana wanke-wanke. Amma me ya sa kuka yayyanka ta haka?"

"Ai haka take yi, Yaya. Tana tsayawa. Tsawon tsayawar ne na kasa samu."

"A gidanmu ba ta tsayawa. Ɗiff take tafiya har ƙarshe, ta sake ɗaukowa, har mu ce ta ishe mu. Sai da ta aure ka ta fara yanka ta." Ta ɗauki wani ƙyalle tana ninkewa, ba ta san abin da maganarta take yi masa ba. "Na taɓa yi mata tsiya, na ce ke kuma waƙar taki ta koma mai tari? Ta ce, Yaya, wurin malam ne nake bari. In ban tsaya ba ba zai sami ƙofar shiga ba, ni kuma in ban ji shi ba ɗinkin ba ya yi min tafiya. Na ce to zaren da kike gatsawa fa? Ta yi dariya ta ce, ga almakashi a ƙusa, Yaya, me zai sa in ci zare in ba don in ba shi lokaci ba?" Yaya ta girgiza kai. "Tsawon tsayawa kuma, wane tsawo? Sai ka kai aya take ɗorawa. In ka yi gajere ta yi gajere, in ka yi dogo ta jira ka. Kai ne ma za ka tambayi wani?"

Auta tana bakin ƙofa da tire a hannu. Ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta ce, "Baba." Bai dube ta da fushi ba, bai kuma ce mata "ba komai" ba, don ba zai iya yin ƙarya a ranar ba. Yana kallon gadon da aka naɗe katifarsa, yana ganin ido ɗaya da ya juyo da ƙyar ya same shi, ya jira, ya sake jira.

Yaya ta dubi uban ta dubi 'yar. "Me na faɗa?"

Babu wanda ya gaya mata.

Yana nan har yanzu a shagon ƙarƙashin bene. Sunan bai sake shi ba, sai dai sababbin masu haya a layin suna tambayar dalilin da ake kiran dattijo mai shiru haka Rediyo. Auta takan biyo ta kawo masa abinci, su gaisa, ta ɗan zauna, kowa yana tausayin kowa, maganar kuma ba ta da wurin zama.

In ciniki ya lafa da yamma yakan tura ƙofar shagon ya kunna waƙar a lasifika. Ta hau, ta yi lilo, ta gangaro, ta tsaya. Sai ya gyara murya ya ce, "Tela, yau kin san wa ya zo? Matar nan da injin ya taɓa cinye wa takarda, wai ɗanta ne zai..." Kwamfuta ta gama barcinta ta ɗora a kan maganarsa, ta yanke shi a tsakiya. Ya tsayar da ita, ya goge lambar, ya sa babba. Ya sake kunnawa. Wannan karon ya faɗi labarin duka, har da abin da matar ta sa da abin da ya ce mata, ya kai aya, ya yi shiru.

Sauran barcin yana tafiya. Yana zaune da hannuwa a kan gwiwa yana sauraro, kuma ba wanda ya ce to fa.